Garkuwar jiki da allurar rigakafi: tambayoyi da amsoshi kan abin da bincike ya gano

Tun bayan annobar korona kalmomin da a da sai a bakin likitoci ake jin su suka shigo hirar kowa. An ji da yawa, an kuma cakuɗa gaskiya da ji-ta-ji-ta. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da masu bincike suka tabbatar a kansu.

Wai mece ce garkuwar jiki, kuma a ina take?

Ba ta da mazauni ɗaya kamar zuciya ko hanta. Tana cikin jini, da ɓargo, da saifa, da hanji, da ƙananan ƙulle-ƙullen nan na wuya da hammata da matsematsi waɗanda ke kumbura su zama kaluluwa idan mutum ya ji rauni. Fata ma tana cikinta, da majina, da ruwan ciki mai tsami, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan ƙwayar cuta ta keta, rukuni biyu ne ke tarbarta. Na farko an haifi mutum da shi, yana kai farmaki cikin sa'o'i, ba ya tsayawa tantance wane ne baƙon. Shi ke kawo zazzaɓi da kumburi da ja. Na biyu yana da nawa, yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ya shirya, amma shi gwani ne. Cikinsa akwai ƙwayoyin B masu ƙera makaman da ake kira antibodi, kowane makami an yi shi daidai da siffar ƙwayar cuta guda kamar kuba da ɗan makulli. Akwai kuma ƙwayoyin T, masu farautar ƙwayoyin jikin da cuta ta riga ta shiga su kashe su.

Da gaske jiki yana tuna cutar da ya taɓa yi?

Yana tunawa, wani lokaci har tsawon rai. A 1846 ƙyanda ta faɗa wa tsibiran Faro da ke arewacin tekun Atilantika, ta kwantar da kimanin mutum 6,000 cikin mazauna da ba su cika 8,000 ba. Wani matashin likita ɗan Denmak, Peter Panum, ya lura da wani abu: tsofaffin da suka yi ƙyanda a annobar 1781 ba wanda ta sake kamawa. Shekara 65 ke nan cutar ba ta leƙa tsibiran ba, amma jikinsu bai manta ta ba. A 2008 ma an gwada jinin tsofaffin da suka tsira daga babbar murar 1918, aka tarar har lokacin suna ɗauke da makaman da ke kama wannan ƙwayar.

Yanzu an san inda sirrin yake. Bayan an gama yaƙi, wasu daga cikin ƙwayoyin B suna ƙaura zuwa cikin ɓargo su zauna, suna ta zubo antibodi cikin jini shekara da shekaru. Wasu kuma suna yawo a matsayin masu tuni, da sun ga tsohon abokin gaba sai su ninka kansu cikin 'yan kwanaki.

To allurar rigakafi me take yi?

Tana nuna wa jiki kamannin abokin gaba kafin ya iso. Abin da ke cikin kwalbar yakan zama ƙwayar da aka raunana, ko wadda aka kashe, ko ɓallin jikinta kawai, ko kuma umarnin yadda jiki zai ƙera wannan ɓallin da kansa. Jiki ya yi atisaye, ya ajiye tuni, ba tare da ya biya farashin cutar ba. Ɗan zazzaɓi da ciwon hannun da ke biyo baya na kwana ɗaya ko biyu alamar atisayen ne.

Dabarar ta tsufa. Edward Jenner ya gwada ta a Ingila a 1796, da ruwan ƙurjin shanu, don kare mutane daga agana. Wani ƙiyasi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, aka wallafa a 2024, ya nuna rigakafi ya ceci rayuka kusan miliyan 154 cikin shekara 50 tun daga 1974, akasarinsu jarirai. Fiye da rabin wannan adadi allurar ƙyanda ce kaɗai ta kawo shi.

Ba gara yaro ya yi cutar da kansa ba, jikinsa ya yi ƙwari?

Wannan tambaya ce binciken 'yan shekarun nan ya fi taɓawa, kuma amsar ta fito ta inda ba a zata ba. A da ana ɗauka idan yaro ya tashi daga cuta to an gama da ita. Ashe wasu cututtukan suna barin bashi, sai bayan watanni ko shekaru su zo karɓa.

A ɗauki ƙyanda. Likitoci sun daɗe da lura cewa yaran da suka warke daga ita sukan yi ta fama da gudawa da ciwon huhu, wasu ma su rasu bayan an yi murna sun tashi. A 2019 aka wallafa binciken da ya bayyana dalili. An ɗebi jinin yaran da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan, kafin ƙyanda ta kama su da kuma bayan sun warke. Sai aka ga cutar ta shafe tsakanin kashi 11 zuwa kashi 73 cikin ɗari na nau'o'in antibodin da suke da su na wasu cututtukan. Ƙwayar ƙyanda kai tsaye take shiga cikin masu tunin nan ta hallaka su. Yaro ya tashi da kariya daga ƙyanda, amma ya manta wani ɓangare na abin da jikinsa ya koya tun haihuwa, dole ya sake koyo ta hanyar sake kamuwa. Yaran da aka yi wa allurar ba a ga wannan asara a jininsu ba.

Ga wani misalin. Akwai ƙwayar bairos mai suna Epstein-Barr wadda kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita, yawanci ba tare da ya sani ba. Masu bincike na jami'ar Harvard sun bi bayanan jinin sojojin Amurka sama da miliyan 10 na tsawon shekara 20, suka fitar da sakamako a 2022: haɗarin kamuwa da cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka har mutum ya kasa tafiya, yana ninkuwa sau 32 bayan wannan ƙwaya ta shiga jiki. Ba kowa da ke ɗauke da ita ke yin MS ba, ƙalilan ne ƙwarai. Amma da wuya a sami mai MS da ba ta riga ta shige shi ba. Yanzu ana gwajin rigakafinta.

Sankarar bakin mahaifa kuwa an daɗe da sanin ƙwayar HPV ke haddasa kusan dukkanta, aikin da ya ba Harald zur Hausen kyautar Nobel a 2008. Abin da ya rage shi ne a ga ko allurar za ta rage sankarar kanta, don tsakanin kamuwa da bayyanar ciwon akan yi shekara goma zuwa ashirin. A 2021 lissafin Ingila ya fito: matan da aka yi wa allurar suna 'yan shekara 12 zuwa 13, sankarar ta ragu a cikinsu da kashi 87 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ma tana wadatar da 'yan mata.

Saboda haka gaskiya ne cuta tana barin kariya. Sai dai ba kariyar kaɗai take bari ba.

Na ji an ce wata allura tana rage ciwon mantuwa na tsufa. Haka ne?

Akwai alama mai ƙarfi, kuma yadda aka gano ta abin sha'awa ne. Ƙwayar ƙarambau ba ta barin jiki bayan yaro ya warke, tana laɓewa a jijiyoyi. Idan tsufa ya zo garkuwa ta yi sanyi, sai ta farka ta fito da ƙuraje masu azabar zafi a gefe ɗaya na jiki. Lokacin da yankin Wales na Birtaniya ya fara yi wa tsofaffi rigakafin wannan a 2013, allurar ba ta isa kowa ba, sai aka ja layi: wanda aka haifa ranar 2 ga Satumba 1933 ko bayanta ya cancanta, wanda ya riga wannan rana ko da da mako ɗaya ne bai cancanta ba. Mutanen da ke gefe biyu na layin ba abin da ya bambanta su sai allurar. Masu bincike na jami'ar Stanford suka bi su shekara bakwai, a 2025 suka ba da rahoton cewa allurar ta rage samun ciwon mantuwa da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma tasirin ya fi bayyana a mata. Ana shirin gwaji na musamman don a tabbatar. Kafin nan dai, amfanin allurar na asali, wato hana ƙurajen, ya isa dalili.

Yaya aka yi rigakafin korona cikin shekara ɗaya, alhali wasu sukan ɗauki shekara goma?

Tambaya ce ta mai hankali. An wallafa tsarin halittar ƙwayar a Janairun 2020, a Disamba aka fara yi wa jama'a allura a Ingila. Amma ginin da aka ɗora wa rufi a 2020 an daɗe da haƙa harsashinsa.

Katalin Karikó, 'yar asalin Hungari, ta shafe shekaru tana aiki kan mRNA, wato saƙon da ke ɗauke da umarnin abin da ƙwayar jiki za ta ƙera, a jami'ar Pennsylvania ana hana ta kuɗin bincike, har aka rage mata matsayi. Matsalar ita ce idan aka sa mRNA na ɗakin gwaji a jiki, garkuwa takan harzuƙa ta lalata shi. A 2005 ita da Drew Weissman suka gano cewa sauya ɗaya daga cikin tubalansa yana kwantar da wannan harzuƙa. Sun karɓi Nobel a 2023. Ɗaya ɓangaren ya fito ne daga wata tsohuwar masifa. A shekarun 1960 an gwada rigakafin RSV, ƙwayar da ke toshe numfashin jarirai, sai allurar ta ƙara wa yaran ciwo, biyu suka rasu. An yi kusan shekara 50 ba a warware matsalar ba, sai a 2013 Jason McLellan da Barney Graham suka nuna cewa furotin ɗin da ke jikin ƙwayar yana sauya siffa, kuma siffar da yake da ita kafin ya huda ƙwayar jikin mutum ita ya kamata a nuna wa garkuwa. Suka koyi yadda ake ƙulle shi a wannan siffa. Irin wannan dabarar aka yi wa ƙayar da ke jikin korona. Rigakafin RSV kansa ya samu amincewa a 2023, na tsofaffi da na masu juna biyu.

Sauran saurin kuɗi ne ya kawo shi. An zuba dukiya, an haɗa matakan gwajin da a da ake yin su bi da bi, an fara sarrafa allurar tun sakamako bai fito ba. Ga kuma cutar ta cika gari, don haka cikin 'yan watanni aka ga bambanci tsakanin dubban da aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba.

Shin mRNA yana sauya ƙwayoyin gadon mutum?

A'a. Kundin gado yana kulle a cibiyar ƙwayar halitta, mRNA kuwa a waje yake aiki, ba ya shiga ciki. Kamar takardar saƙo ce da ake karantawa a yage, jiki yana narkar da shi cikin kwanaki. Jikin kowa ma yana ƙera nasa mRNA a kowane lokaci.

Rigakafi ba ya da illa ke nan?

Yana da ita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allurar korona ta Pfizer da ta Moderna sun jawo kumburin tsokar zuciya ga wasu ƙalilan, galibi samari, galibi bayan allura ta biyu, kuma yawancinsu sun warke. Ta AstraZeneca da ta Johnson & Johnson sun haddasa wani irin daskarewar jini da ba kasafai ake gani ba, wanda ya kashe wasu, har ƙasashe da dama suka taƙaita amfani da su. Akwai kuma wanda jikinsa kan yi mummunar borin ƙin allura cikin mintuna, shi ya sa ake cewa a ɗan zauna kafin a tafi. Abin lura shi ne tsarin sa ido ne ya tono waɗannan cikin watanni kaɗan, duk da ƙarancinsu.

Zancen cewa allurar ƙyanda tana jawo otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, daban ne. Ya samo asali daga rahoton Andrew Wakefield na 1998 kan yara 12 kacal. An gano an murɗe bayanan, mujallar ta janye rahoton a 2010, aka kuma soke lasisinsa na likita a Birtaniya. A Denmak an bi yara sama da 650,000, sakamakon 2019 bai nuna wata alaƙa ba. Alamun otizim suna fara bayyana ne a daidai shekarun da ake yin allurar, shi ya sa iyaye ke haɗa su, kuma ba laifinsu ba ne da suka yi tambaya.

An yi mini allura amma na kamu. Ina amfaninta?

Ya danganta da irin ƙwayar. Ta ƙyanda ba ta iya sauya kamanninta sosai, kuma tana ɗaukar kwana goma ko fiye kafin ta kwantar da mutum, lokacin da ya ishi masu tuni su farka. Allura biyu suna kare kusan kashi 97 cikin ɗari. Mura da korona kuwa suna sauya riga kullum, kuma cikin kwana biyu zuwa uku sun riga sun yaɗu a hanci da maƙogwaro. Allurar hannu tana cika jini da antibodi, ta tsare huhu da sauran gaɓoɓi, amma kaɗan ne ke isa cikin hanci. Sai mutum ya yi atishawa da zazzaɓi, amma bai kai ga gadon asibiti ba. Wannan giɓi ne ya sa ake ta aiki kan rigakafin da ake fesawa a hanci, Indiya ma ta amince da irinsa na korona a 2022.

Me ya sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, kuma na yanzu yana aiki?

Abin da ke kawo maleriya ba bairos ba ne, wata halitta ce mai wayo. Ƙwayar ƙyanda tana da ƙwayoyin gado 6, ta maleriya tana da sama da 5,000. Tana da siffa ɗaya lokacin da sauro ya zuba ta, wata a hanta, wata a cikin jini, kuma daga cizo zuwa ɓuya a hanta ba ta cika sa'a guda ba. An fara aikin allurar RTS,S a 1987, sai a Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, bayan gwajin da aka fara a Ghana da Kenya da Malawi a 2019. A yankunan da aka yi ta, mutuwar yaran da suka isa karɓa ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Ta biyu, R21, ta jami'ar Oxford da kamfanin Serum Institute na Indiya, ta samu amincewa a Oktoban 2023. Kamaru ce ta fara sa rigakafin maleriya cikin alluran yara na yau da kullum a Janairun 2024.

Ana yin ta sau huɗu, daga wajen wata biyar da haihuwa, kuma ƙarfinta yana raguwa da lokaci. Ba ta kai ta ƙyanda ba ko kusa. Amma cutar da ke kashe kimanin mutum 600,000 a shekara, mafi yawansu yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara biyar, ko kashi kaɗan aka rage mata rayuka ne masu yawa. Gidan sauro da maganin kariya na damina suna nan daram, allurar ƙari ce a kansu.

Ƙanjamau da tarin fuka fa?

Ƙanjamau ta gagari masu rigakafi sama da shekara 40. Tana sauya kamanni a jikin mutum ɗaya kwatankwacin yadda mura ke yi a duniya cikin shekara guda, tana lulluɓe kanta da sukari don antibodi ya kasa kama ta, sannan ƙwayoyin T ɗin da ya kamata su jagoranci yaƙin su take fara ci. Gwajin Tailan na 2009 ya ba da kariya kashi 31 cikin ɗari, wanda bai isa ba. Babban gwajin Afirka ta Kudu an dakatar da shi a 2020, wani kuma mai suna Mosaico a 2023. Nasarar da aka samu ta zo ta wata ƙofa: lenacapavir, magani ne da ake yin allurarsa sau biyu a shekara. A gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda, cikin 'yan mata sama da 2,000 da aka yi wa ba ko ɗaya da ta kamu. Ba rigakafi ba ne a ma'anar da muka yi bayani, ba ya koya wa jiki komai, in aka daina kariyar ta tafi.

Tarin fuka har yau da allurar BCG ta 1921 ake dogara. Tana kare jarirai daga munanan nau'o'insa amma ba ta tsare huhun manya yadda ake so, kuma cutar tana kashe sama da mutum miliyan ɗaya duk shekara. Sabuwar allura mai suna M72 ta nuna kariya kusan kashi 50 cikin ɗari a 2019, an shiga babban gwajinta a 2024.

Wane abu zan sha don ƙara ƙarfin garkuwar jikina?

Masu talla sun sami kasuwa a wannan jimla. Wanda yunwa ta kama, ko yake da ƙarancin wani sinadari kamar bitamin A ko zinc, cike giɓin yana gyara garkuwarsa ƙwarai. Wanda ba shi da giɓi, ƙarin ba ya ƙara masa komai. Barci isasshe, motsa jiki, barin taba da kula da ciwon suga sun fi kowace kwalba.

Kuma ma wa ya ce ƙarfi ake nema? Garkuwar da ta yi ƙarfi fiye da kima ita ke juyowa ta ci mai ita: ciwon suga nau'i na ɗaya, lufus, wani nau'in ciwon gaɓoɓi, MS. Da yawa daga waɗanda korona ta kashe, haukan garkuwarsu ne ya lalata huhunsu, shi ya sa dexamethasone, maganin da ke danne garkuwa, ya ceci masu tsananin ciwo. Kyautar Nobel ta 2025 ma a kan birki aka ba da ita. Shimon Sakaguchi na Japan ya gano a 1995 cewa akwai wasu ƙwayoyin T da aikinsu shi ne tsawata wa 'yan uwansu kada su taɓa jiki. Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano a 2001 ƙwayar gadon da ke sarrafa su, FOXP3, wadda idan ta lalace jariri kan zo da garkuwar da ke yaƙar hanjinsa da fatarsa. Yanzu ana gwada ƙara wannan birki ga waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da kuma sassauta shi ga masu ciwon daji don garkuwa ta far wa ƙarin.

Idan mura ta kama ni, in sha maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin?

Kada a sha. Bakteriya yake kashewa, mura kuwa bairos ce. Abin da zai yi kawai shi ne horar da bakteriyar da ke jiki su saba da shi. A 2019 ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe kimanin mutum miliyan 1.27 kai tsaye.

Akwai cutar da aka taɓa kawarwa gaba ɗaya?

Biyu. Agana, wadda aka ga mai ita na ƙarshe da ya kamu a gari a Somaliya a 1977, aka shelanta ƙarewarta a 1980. Sai bushiya ta shanu a 2011. Shan inna ta kusa: cikin nau'o'inta uku na daji an gama da biyu, na ukun ya maƙale a Pakistan da Afganistan. Abin da ke jan ƙafa shi ne ƙwayar da aka raunana ta cikin ɗigon baki, idan ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su karɓa ba, takan dawo da ƙarfinta ta shanye ƙafa. Don haka aka ƙera sabon ɗigo, nOPV2, mai wuyar rikiɗa, aka fara amfani da shi a 2021.

Wace cuta masu bincike suka fi sa wa ido yanzu?

Murar tsuntsaye nau'in H5N1 tana sahun gaba. Ta kashe kaji da tsuntsayen daji ba adadi, ta shiga dabbobin ruwa, sannan a Maris 2024 aka same ta a shanun madara a jihar Texas ta Amurka, abin da ba a taɓa gani ba. Ƙwayar tana taruwa a hantsar saniya ta fito cikin madara, dafa madarar yana kashe ta. Ma'aikatan gona da dama sun kamu, yawanci da jan ido da ɗan zazzaɓi. Ba ta iya bi daga mutum zuwa mutum a jere ba, kuma wannan ne ake aunawa duk lokacin da aka sami sabon mai ita: ana karanta tsarin halittar ƙwayar, a duba ko ta sami sauyin da zai ba ta damar kama hanci da maƙogwaron ɗan Adam, a kuma gwada mutanen gidansa.